Aikin jami'in wasanni a ƙaramar hukuma: in karɓa ko in haƙura?

Ɗan Layin Maƙera:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa aikin ƙaramar hukuma ko suke ciki yanzu. Ni PHE na karanta, wato ilimin motsa jiki da lafiya, na fara da NCE daga baya na haɗa digiri, na gama bautar ƙasa shekara biyu kenan. Tun ina makaranta nake da kulob ɗin yara a unguwarmu 'yan ƙasa da sha biyar, kullum bayan la'asar muna fita filin firamare, ba mai biyana ko sisi, ƙwallo ma karo-karo muke yi mu saya. To kwanan nan aka ce za a ɗebi ma'aikata a ƙaramar hukumarmu kuma akwai gurbin jami'in wasanni, wani malamina ya ce in kai takarduna yana ganin zan samu tunda masu irin karatuna ba su da yawa a wajenmu.

Inda gizo ke saƙar, yayana yana da shago a Kantin Kwari yana so in dawo mu zauna tare, ya ce wai aikin lokal ba aiki ba ne zaman benci ne a gindin darbejiya, a sa hannu da safe a watse kafin azahar. Hajiyarmu kuma ita aikin gwamnati take so saboda fansho. Ni kuwa wallahi yaran nan ne a raina, akwai guda biyu da na janyo daga wajen masu shaye-shaye da ƙwallon nan, in na tafi kasuwa tun safe sai magariba ban san wa zai riƙe su ba. To me jami'in wasanni yake yi takamaimai? A wane mataki za a ɗauke ni, kuma ana gaba ko nan mutum zai tsufa? Albashin zai riƙe gida? Don ina shirin aure bayan babbar sallah in Allah ya kai mu.

Kawu Mai Usur:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sanya alheri a auren. Wannan aikin da kake tambaya a kai shi na yi har na ajiye, ba zan faɗi ƙaramar hukumar ba amma a karkara take, ƙauyuka sun fi gari yawa.

Bari in fara da na takarda don shi ne mai sauƙi. Mai digiri mataki na 8 ake ɗaukarsa, mai NCE na 7, kuma daga 7 zuwa sama ba ciyaman ne yake ɗauka ba, hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce take ba da takarda, ita ke ƙarin girma ita ke canjin wurin aiki, ma'ana wata rana za a iya ɗauke ka daga garinku a kai ka wata ƙaramar hukumar, ka sa wannan a ranka tun yanzu. Don haka ka duba kan takardar da za a ba ka, in ba daga hukumar nan ta fito ba ka yi tambaya sosai, da yawa an ba su takardar wucin gadi ciyaman na sauka aka ce ba a san da su ba. Shekara biyu na farko gwaji ne sannan a tabbatar da kai, ƙarin girma a ƙa'ida duk shekara uku, ritaya in ka cika shekara 35 kana aiki ko 60 da haihuwa. Wasanni ba su da sashe nasu na kansu, a wasu jihohin suna ƙarƙashin sashen ilimi da walwalar jama'a a wasu kuma sashen raya al'umma, to in ka daure kana ƙaro karatu za ka iya kaiwa shugaban sashen gaba ɗaya.

Yanzu ainihin aikin. Kai a ranka koci za ka zama ko? To ba koci ba ne. Koci yara ashirin yake riƙewa, kai kuwa koci-kocin gari duka su ne yaranka. Kai za ka san kulob nawa ne a kowace mazaɓa, wa ke riƙe da su, ina suke atisaye, kai za ka haɗa gasar kofin ciyaman ka zana jadawali ka nemo alƙalan wasa ka rubuta wa DPO a ba ka 'yan sanda ranar fainal ka je ka gaida hakimi ka sanar da dagatai, kai za ka zauna da sakataren ilimi a kan gasar makarantun firamare, in jiha ta aiko a kawo 'yan wasa kai za ka zaɓo ka raka su. Rabin aikin rubutu ne. Ka rubuta memo ya je wajen shugaban sashe ya wuce wajen DPM, wato daraktan kula da ma'aikata, ya hau teburin ciyaman ya sauko wajen ma'aji, in ba ka bin fayil ɗinka da ƙafa sai gasar ta wuce ba a sa hannu ba. Kuma kasafin shekara mai zuwa tun kafin ƙarshen wannan ake haɗa shi, in ba ka kai naka lissafin lokacin ba to duk shekarar za a riƙa ce maka ba a ware ba.

Amma abin da nake so ka riƙe daga bakina, wanda ni ma sai da na yi shekara goma na gane, shi ne fili. Jami'in wasanni mai gadin fili ne kafin komai. Kofi ana sayensa a kasuwa, jesi ɗan siyasa zai kawo in zaɓe ya matso, amma fili in aka yanka shi aka dasa shaguna ya tafi har abada. Ni a idona filin da muke buga fainal, wanda iyayenmu suka yi langa a cikinsa, aka wayi gari an jibge bulo a bakin raga, aka ce wai ai ba shi da takarda, kuma gaskiya ba shi da ita don ba wanda ya taɓa tunanin filin wasa yana buƙatar takarda. Na yi kuka ranar wallahi. Bayan nan na bi duk filayen da suka rage ɗaya bayan ɗaya, na sa ma'aunan ƙasa na sashen ayyuka suka auna, dagaci da mai unguwa da limami suka sa hannu, aka shigar a rijista, muka dasa darbejiya a kan iyaka. Har yau suna nan. In ka duba jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 inda aka lissafo ayyukan ƙananan hukumomi ba za ka ga kalmar wasanni ba, amma za ka ga an ɗora musu kula da wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen jama'a, to nan ne madogararka in ana gardama. Sannan dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka a yankin da ba birni ba, cikin birni kuwa sai gwamna. Ka san wanne ne naku.

Na biyu shekaru. Za a kawo maka mai gemu a ce ɗan sha huɗu ne, wanda zai kawo shi kuma kansila ne ko ɗan uwan wanda ya sa maka hannu ka samu aikin. In ka yarda sau ɗaya shikenan ka kashe gasar, don yaran gaskiya ba za su ƙara zuwa ba. Ka tuna 2016 da aka yi wa 'yan ƙasa da sha bakwai na Najeriya gwajin MRI na tantance shekaru mutum 26 suka faɗi, Nijar ta fitar da mu, mu da muka ci kofin duniyar nan sau biyar. Daga irin gasarmu ta unguwa ɓarnar take farawa. Yanzu ma kun samu sauƙi akwai NIN, mu da rijistar makaranta da hedimasta muke kamawa.

Maganar yayanka kuwa ba ƙarya ya yi ba, akwai masu zaman bencin. Amma ba wanda ya ɗaure su a kai.

Abu Fandisho:

Da girmamawa ga Kawu, amma ƙanena ka ji ta ɗaya ɓangaren. Ni na yi shekara shida a irin wannan ofis ɗin na ajiye. Kawu ya yi aiki lokacin da buhun masara bai kai kuɗin da ya kai yau ba. Mafi ƙarancin albashi dubu 70 aka sa wa hannu a 2024, Kano ta ce 71 Kaduna 72, kai mai mataki na 8 za ka ɗan ɗara haka amma ka lissafa haya da cefane da man mashin, mashin ɗin kuma naka ne ba na ofis ba, da shi za ka zaga ƙauyukan. Kuma a jihohi da dama ma'aikatan ƙananan hukumomi da malaman firamare su ne na ƙarshe da ƙari yake isowa gare su.

Abin da ya fi ƙona min rai ba albashin ba ne ma. Shekara guda zan yi ina rubuta a ba mu ƙwallaye da raga a ce babu kuɗi, kuɗi na asusun haɗin gwiwar jiha da ƙananan hukumomi sai an sako daga sama, amma da zaɓe ya ƙarato sai ka ga an kawo jesi da hoton mutum a ƙirji a ce in haɗa gasa cikin sati biyu. Wata shekara muka yi gasa har fainal, aka yi alƙawarin kuɗi a gaban jama'a aka ɗauki hoto da ambulan, yara suka buɗe babu abin da aka faɗa, ni suka biyo har gida don ni suka sani. Daga aljihuna na biya alƙalan wasa a wannan gasar. Kotun ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, madalla, amma ka je sakatariyarku ka tambayi ma'aji da kanka me ya canza a hannunsa kafin ka gina rayuwarka a kan wannan hukuncin. Ni shawarata kar ka saki yayanka. In za ka karɓa ka karɓa, amma ka ce masa Asabar da Lahadi da ranar da ba ka da fita kana shago, ka koyi kasuwar nan. Ba na son ka kai shekara arba'in kana cin bashin kuɗin makarantar yara.

Kawu Mai Usur:

Abu gaskiyarka, ban musa ko ɗaya ba, ni ma gona ce ta rufa min asiri. Gyara ɗaya kawai, Asabar da Lahadi su ne ranakun aikin jami'in wasanni, ranar ake maci. Sai dai su daidaita da yayan nasa a kan safiya.

Malama Uwar Biyu:

Sannunku. Ni malamar PHE ce a sakandaren 'yan mata, ina ta karantawa na ga duk maganar ƙwallon ƙafa ce ta maza, to dan Allah ƙanena in Allah ya ba ka kujerar nan ka tuna al'umma aka ce, ba kulob-kulob kaɗai ba. Ina da yara a makarantarmu masu gudu kamar barewa, akwai masu ƙwallon hannu da na raga, amma daga gasar gida-gida ta makaranta shikenan an rufe babinsu, ba wanda ya taɓa zuwa daga ƙaramar hukuma ya ce ina yarinyar nan da ta zo ta ɗaya. Kuma iyaye ba ƙin wasan suke ba kamar yadda ake ɗauka, abin da suke ƙi shi ne 'yarsu ta fita fili tsakiyar maza da guntun wando. Mu da muka ɗinka dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗan hijabi, muka ce cikin katangar makaranta za a yi, malamai mata ne za su tsaya, iyaye mata su zo kallo, wallahi uban da ya fi kowa tsauri shi ya kawo mana ruwan leda a motarsa. Ka fara da malaman Islamiyya da limamin Juma'a ka yi musu bayani kafin ka buga sanarwa, kar su ji a gari.

Sai masu buƙata ta musamman. Ƙwallon guragu da ake bugawa da hannu a kan katako mai taya ɗan Kano ne ya ƙirƙiro ta, Misbahu Lawan Didi, a 1988, yau ana buga ta a jihohi da yawa har da wasu ƙasashen, kuma duk 24 ga Oktoba ranar yaƙi da shan inna ta duniya ana haɗa musu gasa. Su ba ciyawa suke nema ba, daɓen siminti kawai suke so mai santsi. Ƙaramar hukuma nawa ce ta kasa yin daɓe ɗaya? Wannan ko ba a ba ka kuɗi ba za ka iya roƙon wata makaranta ta ba su filin taronta da yamma.

Sannan ka je ka yi kwas ɗin taimakon gaggawa wajen Red Cross kafin ka fara. Yaro zai faɗi a fili cikin zafin Afrilu, ko ya karye, kai za a kalla. Kuma mota. Duk wanda yake harkar nan a Kano ba zai manta da 31 ga Mayun 2025 ba, da motar tawagarmu ta faɗa gadar Dakatsalle suna dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a Ogun, saura kaɗan su iso gida, sama da mutum ashirin suka rasu, Allah ya jiƙansu da rahama. Ranar da za a ce ka kai yara wani gari ka duba motar da idonka ka duba direban ka ƙi tafiyar dare ko wa ya ce, kuma kowane yaro da takardar yardar mahaifinsa a hannunka.

Ɗan Maradi:

Amin malama, Allah shi gafarta masu. Ni daga Nijar nike, ina son in ƙara abu guda. Nan wajenmu kokowa ita ce sarauniyar wasanni, tun 1975 aka fara gasar takobi a Tawa, yanzu kowace jiha tana kawo 'yan kokowarta goma, jihohi takwas, ƙasa duka tana tsayawa ana saurare a rediyo. Amma waɗannan goman ba daga sama suke faɗowa ba, daga kokowar ƙauye ta bayan girbi ake tsamo su a hau da su mataki mataki har jiha. Ku can kuna da dambe da langa da kokawa kuma na ji har cikin gasarku ta ƙasa ana ba da lambar zinariya a kansu, to don mi jami'in wasanni zai tsaya jiran kuɗin ƙwallo? Langa ba ta son raga ba ta son takalmi, fili ne da yara da wanda zai tsaya ya ce ga ruwa ga iyaka. Ka je wajen sarkin fawa ka tambayi 'yan damben garinku, ka ga jama'ar da za ta taru.

Ɗan Layin Maƙera:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Kawu maganar filin nan ta tsaya min a rai, don filin firamaren da muke atisaye bara aka ci gefe ɗaya da ginin shaguna har sai da muka matso da raga, ban taɓa tunanin akwai wanda aikinsa ne ya tsaya a kai ba. Yaya Abu na ji, daren jiya na zauna da yayana na karanta masa abin da ka rubuta, ya ce in dai zan riƙa zuwa shago ranakun da babu fita shi ba shi da matsala. Malama in sha Allahu ba zan manta ba, ƙanwata ma tana gudu a makarantarsu. Litinin zan kai takarduna. Tambaya ɗaya ta rage Kawu, akwai wani kwas da zan ƙara wanda zai taimaka min, kuma yaran kulob ɗina fa, zan ci gaba da riƙe su?

Kawu Mai Usur:

Akwai. Cibiyar wasanni ta ƙasa, NIS, da ke babban filin wasa na Surulere a Legas tana kwas na koci da na gudanar da harkar wasanni, in an tabbatar da kai ka nemi hutun ƙaro karatu ka je. Kafin nan ka je hukumar ƙwallon ƙafa ta jiharku ka tambayi lokacin da za a yi kwas ɗin lasisin koci na matakin farko, ka kuma shiga ajin alƙalan wasa ko ba za ka busa ba, don ranar da rigima ta tashi a kan fanareti kai za a kawo wa ƙara, dole ka san doka fiye da masu ihu. Ka san mutanen YSFON na jiha, wato ƙungiyar wasannin matasa ta Najeriya, su ke haɗa kofin Ramat na yara a Kano don tunawa da Janar Murtala, ka san na hukumar wasanni ta jiha don ta hannunsu ake zuwa gasar matasa ta ƙasa da aka yi ta yi a Ilori daga baya aka koma Asaba.

Kulob ɗinka kuwa ɗana sai ka sake shi. Na san zai yi maka ciwo. Amma ba zai yiwu kai ke zana jadawali kai ke zaɓen alƙali sannan yaranka suna cikin gasar ba, ko sun ci da guminsu za a ce kai ka ba su. Ka duba cikin manyan yaran ka ɗauki mai hankali ka fara koya masa tun yanzu, ka miƙa masa usur a gaban iyayen yara da mai unguwa, kai ka koma mai leƙowa. Yaran nan biyu da ka ce ka janyo, ka ba su aiki a hannu, ɗaya ya riƙe ƙwallaye ɗaya ya riƙe rijistar masu zuwa atisaye, irinsu in aka ɗora musu amana sun fi zama.

Kuma Litinin ɗin kar ka ba kowa takardunka na asali, kwafi za ka kai, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kan naka kwafin. In wani ya ce ka kawo kuɗi a saya maka gurbi ka zo nan ka faɗa min kafin ka ba da ko naira.